Siririyar igiyar da ta yi saura

Shekara ashirin da biyu Darlene Havlik tana tuƙa motar 'yan makaranta a birnin Toledo, ko madubi ba ta taɓa fasawa ba. Mace ce mai tsoro, kuma ba ta ɓoyewa. Tana tsoron ƙanƙara a titi, tana tsoron duk takardar da aka rubuta da ƙananan haruffa. Amma babban tsoronta mahaifinta ne, Milan, tsoho ɗan shekara tamanin da huɗu, wanda take bari shi kaɗai a gida kullum. Ƙafafunsa sun fara yi masa gardama. Shi ya sa ta rataya masa maɓallin neman agaji a wuya: in ya faɗi ya danna, na'urar da ke falo ta kira motar asibiti ta layin tarhon gida. Wayar hannu kuwa ya ce ko kyauta ba ya so.

Abin da ya ja mata, modem ne, ɗan akwatin nan da ke kawo intanet gida. Na kamfanin intanet take haya, dala goma sha huɗu duk wata. Yolanda, abokiyar aikinta, ta ji haka ta kwashe da dariya.

"Ke Darlene, haya? Akwatin da bai kai burodi girma ba kike biya wa kuɗin ɗaki? Sayi naki mana, 'yar ƙauye!"

Maganar ta yi mata zafi. Ranar Asabar ta je kanti da jerin waɗanda kamfani ya yarda da su, ta tsaya gaban kantar kaya tana tsoron kar ta sayo abin da ba zai yi ba. Guda uku ne. Ta karanta bayan kowane kwali har sau biyu, ta ɗauki mafi araha. A gida ta zare tsohon, ta jona sabon, ta kira kamfani da wayar hannunta suka buɗe mata. Fitilu suka kama, intanet ya zo fes. Wata siririyar igiya dai cikin na jikin tsohon ta yi saura, ta juya akwatin ta ga babu raminta. Ta ce ƙila ta zamanin da ce, ta tura ta bayan kabad. Da yamma ta mayar wa kamfani nasu, tana jin kanta gwana.

Kai, Darlene! Mai tsoron komai, ranar da ya kamata ta ji tsoro sai ta ƙi.

Litinin ƙarfe biyu da kwata, kafin a tashi yara, ta kira gida kamar yadda ta saba. Layin bai shiga ba. Ta sake kira, shiru. Tana riƙe da sitiyari igiyar nan ta faɗo mata a rai. Ta tarho ce. Tsohon akwatin shi ke ɗauke da layin gida, wannan mai arahar ba shi da wurinsa. Kwana biyu ke nan maɓallin da ke wuyan tsoho ba ya kiran kowa.

Ta kira maƙwabciya, ba a ɗauka ba. Ta kai yatsa za ta kira motar asibiti, ta fasa. Me za ta ce musu? Ƙila yana nan yana barcinsa a kujera, a je a fasa masa ƙofa a banza. Sai ga yara sun fara hawowa, kuma doka ta hana direba taɓa waya da yara a mota. Tasha goma sha tara gare ta. A kowace sai ta tsaya, ta buɗe ƙofa, ta jira yaro ya tsallaka titi da jan ƙafarsa, ita kuwa tana ta roƙon Allah a zuci.

Huɗu saura ta buɗe ƙofar gida.

"Baba!"

"Ina nan," in ji wata murya ƙasa-ƙasa daga kicin.

Yana kwance tsakanin firji da tebur, ƙafa ɗaya ta juya waje, ruwan kofi ya bushe a rigarsa. Tun ƙarfe goma yake nan. Hannunsa na damƙe da maɓallin, babban yatsan ya yi jawur don dannawa. Ta durƙusa tana kiran motar asibiti da wayar hannunta.

"Kar ki yi musu faɗa, 'yata," in ji shi. "Na danna, na danna. Ina jin ƙarfin yatsan ne ya ƙare. Yanzu ko wannan ɗan abin ya fi ƙarfina."

Ya juyar da fuska yana hawaye, don kunya. Darlene ba ta taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarta.

Da ta yi shiru, da shi ke nan, ba wanda zai sani. Ta ji kukan motar asibiti ya shigo layinsu. Ta buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta zare maɓallin.

"Yatsanka lafiyarsa lau, Baba," ta ce. "Ni na cire igiyar."