Ɗigon Farin Fenti a Gaban Motar 'Yata

Kafin masu shagunan layin su gama ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya share gaban garejinsa, ya jera sifanoni a kan tsohon buhu daga ƙarami zuwa babba, ya cika jarkoki biyu da ruwa. Daga nan sai ya zauna a kan wata kujerar mota da aka ciro tun shekarun baya, ya jira wanda Allah zai kawo. Shekara talatin da takwas ke nan yana haka. Ba wanda ke kiransa da sunansa. Tsaya-Tukuna ake ce masa, domin ko da gudu ka shigo kana ihu motarka na hayaƙi, abin da zai fara ce maka ke nan. A ƙarshen watan nan zai ajiye sifana. Idanu sun gaji, gwiwa ma ta ƙi. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da ban saba dogon rubutu ba, kuma ni da na shafe shekara biyu ina jin haushinsa.

Yana da wata al'ada tasa shi kaɗai. Duk motar da ya gyara, ba ya sakinta sai ya zaunar da mai ita a mazaunin direba. A kunna inji, a jira ya ɗumama, allurar da ke nuna zafi ta taso daga ƙasa ta tsaya inda ta saba tsayawa. Sai ya tsoma tsinken ashana a farin fenti, ya ɗiga a kan gilashin, daidai saitin allurar.

"Nan ne gidanta," in ji shi. "In tana gida, lafiya lau. In ta haura sama, ka tsaya. In ta ƙi tasowa daga ƙasa, ka zo mu yi magana."

Mai kai burodi shaguna ya gaya mini shi bai iya karanta harufan da ke jikin mitar ba, amma ɗigon nan ya hana shi ƙona inji sau uku. Direban motar 'yan makaranta kuwa ya ce in ya shiga motar da babu ɗigo, ji yake kamar ya fito ba hula.

To, ga inda nawa haushin ya samo asali. 'Yata ta fari malamar makaranta ce, kullum tana tuƙin kusan awa guda zuwa wurin aiki. Ni na koya mata tuƙi. Wata uku muka yi a wani fili, ina gefenta ina taka birkin da babu shi. Da ta sayi 'yar motarta ta hannu, ni da ƙafata na kai ta wurinsa. Ba a yi wata guda ba, gidana ya cika da "Baba mai gareji ya ce." Rannan muna zaune sai na ji ta ce, "Ai Baba ya ce," na juyo da fara'ata, ashe ba ni ake nufi ba.

Shekara ashirin da wani abu ina tuƙi, kuma a sanina allurar da ta kwanta a ƙasa ita ce lafiya. Duk motar da na riƙe sai na sa an cire ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, don kada ta taɓa tasowa. Na ce mata ta je a cire nata.

"Baba, shi ya ce inji ma yana son ɗumi. In ya yi ta aiki da sanyi, mai yake sha, yana cin kansa."

"Shi ya haife ki?"

Mahaifiyarta ta kwashe da dariya daga kicin. "Malam, kishi kake da bakanike?"

"Ni? Da mai baƙin farce?"

A cikin makon, ina wanke wa 'yata mota, na sa babban yatsana na kankare ɗigon. Ta gani, na san ta gani.

Wata ranar Talata da la'asar wayata ta yi ƙara. 'Yata ce. Ta ce ta tsaya a gefen hanya, saura kaɗan ta iso gida. Allura ta haura har ta kusa ja, tana rage gudu kuma sai ta faɗo ƙasa lokaci guda.

"Alhamdulillahi, ta huce ke nan," na ce. "Tayar ki taho a hankali, Uwata. Kada ki tsaya ke kaɗai a kan hanya."

"Ba zan tayar ba, Baba. Allurar da ta haura sannan ta faɗo da kanta ba hucewa ta yi ba. Ruwan ne ya ƙare, ba ta da abin aunawa."

"Wa ya ce?"

"Ka san wanda ya ce."

Ban san yadda na isa wurin ba. Na tarar mutane biyu uku sun taru, na ɗaga bonet, na kai hannu kan murfin lagireto don in nuna mata akwai ruwa. Sai ta damƙe mini wuyan hannu da hannayenta biyu. Rabon da ta riƙe ni haka tun tana ƙarama muna tsallaka titi.

"Baba, kada ka taɓa. Don Allah."

A gaban mutane. Kunya ta rufe ni, haushi kuma ya hau kanta. Ina shirin fizge hannuna sai ga tsohon babur ɗin Tsaya-Tukuna ya tsaya a bayanmu, ashe shi ma ta kira shi.

"Tsaya tukuna, Malam."

Ya naɗe hannun rigarsa. Tabo ne tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, fatar ta yamutse kamar ledar da ta sha wuta. "Ina ɗan shekara ashirin na buɗe irin wannan murfin. Ni hannu ya samu. Kai ga fuskarka nan a kansa."

Muka jira rabin awa. Ya leƙa ƙasa ya nuna mana tiyon ruwa ya tsage, ko ɗigo bai rage ba. Ya ce da ta bi maganar tahowa, da injin bai kai ta gida ba. Bai tambayi wa ya ce ta taho ba. Da ya zauna a mazaunin direba, idonsa ya faɗa kan gilashin, inda farcena ya bar ɗan zane.

"Fentin nan nawa ba shi da kyau," ya ce. "Rana ke cinye shi." Sai ya juyo gare ni. "Malam, wanda ya koya wa malama tuƙi ya iya. Ni allura kawai na nuna mata. Amma kallon gaban mota ana tafiya, da sauka gefe ba ruɗewa, wannan daga gida aka zo da shi."

A hanyar komawa na tambaye ta wa ta fara kira. Ta dube ni kamar na yi tambayar banza. "Kai mana, Baba."

Kai ne, Tsaya-Tukuna, ka ga laifina ƙuru-ƙuru ka ɗora wa rana. Kai ne ka karɓi amanar 'yar wani ka mayar masa da ita ta fi shi sani, ba ka kuma bari ta raina shi ba. Mai tabo a hannu don fuskokinmu su tsira. Ba zan yi maka ƙarya ba: har gobe in ta ce "Baba ya ce," sai na kasa kunne in ji wane Baban, kuma in kai ne, wani abu na ɗan soke ni a ƙirji. Amma da safe in ta fita, ina iya shan shayina ba tare da na yi ta duba waya ba, kuma wannan kai ka ba ni.

Makon jiya muka je da motocinmu biyu. Ya mayar wa tawa ɗan ƙarfen da na cire, allurata ta taso tsakiya karo na farko, ni kuwa sai gumi nake. Da aka zo ɗigon motar 'yata, ya ɗaga tsinken ya kasa saita shi, ido ya ƙi. Sai ya miƙo mini.

"Kai ka sa mata, Malam. Sabon fenti ne wannan. Ko farce ba ya kankare shi."

'Yata ta juya baya, kafaɗunta na rawa don dariya. Na ɗiga mata daidai saitin allurar.

Na gode, na kuma gode. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi, Ya ƙara wa idanunka haske. Masu gyara, ku yi koyi da shi: kada ku bar mutum ya ja motarsa bai san gidan allurarsa ba. Mu kuma iyaye, in wani ya koya wa 'ya'yanmu abin da ba mu sani ba, mu tsaya tukuna kafin mu sa farce.