Baitin Damaris, Amshin Mai Kitso

A Kagoro, inda aka haifi Damaris, mace ɗaya ba ta gama waƙar zumuntar matan coci ita kaɗai. Wata ta kawo baiti, wata ta ɗora amshi, sannan a buga tulu, sauran mata su ɗauka. Damaris mai baiti ce tun tana budurwa, amshi kuwa na ƙawarta Rifkatu ne. Ko bayan ta zo London tana aikin kula da tsofaffi, ba su fasa ba. Ta rera a waya ta tura, amshi ya dawo da carar zakara a bayansa.

Bara Rifkatu ta rasu.

Waƙa kuwa ba ta san an yi rasuwa ba. Wata sabuwa ta zo wa Damaris a saman bas, hanyar Peckham, ruwa na bin gilashi, fitilun motoci na narkewa a ciki kamar manja. Waƙar ƙaunar Yesu ce, mai bin mutum har ƙasar da ba a iya kiran sunansa daidai. Damaris ba ta rubuta waƙa, a bakin mata take ajiyewa, cocinsu na nan kuma da Turanci da Yarbanci ake yabo. Sai baitin ya fara zubewa kalma-kalma. Duk da haka ta ƙi yi wa kanta amshi. A ganinta kamar mutum ya gai da kansa ne ya amsa.

Ranar Asabar ta je kitso wurin Abibatu, 'yar zangon Kumasi mai shago a Rye Lane, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji. Hannu na yawo a kanta, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Sai ga dutsen Kagoro, ga mata cikin zane iri ɗaya, ga Rifkatu rungume da tulu tana jira. Damaris ta yi ta ba da baiti, ba ta san a fili take yi ba.

"Mama Damaris," in ji Abibatu, "wannan waƙa naka, kullum ka kai nan sai ka tsaya, kamar jirgin tube ya yi delay."

Damaris ta buɗe ido. "Mai amsa mini ta tafi, 'yata."

"To sake. Wurin Yesu ɗin kai ka faɗa, ni musulma ne. Na Allah ɗin ka bar min."

Damaris ta sake. Abibatu ta buga mataji a bayan kujera, ta amsa: "Ya Allah, ba ka gaji da ni ba."

Da Rifkatu ce, sama za ta kai shi. Wannan ƙasa-ƙasa yake, irin na mai aiki a tsaye. Damaris na cikin auna shi, har wata da ke jiran layi ta ɗauka. Sai Damaris ta gyara zama ta shiga baiti na biyu, kalmomin da suka zube suna dawowa, kanta na kaɗawa.

"Mama, tsai da kai mana, kitso zai karkace!"