Kalmar da Na Ce Na Sani

Ni ban gama sakandare ba, kuma ba na ɓoyewa. A aji uku na tsaya, shekarar da babanmu ya kwanta ciwo gona ta rasa mai shiga. Abin da na fito da shi daga makaranta bai wuce karanta allon hanya da cike katin asibiti ba, sai gudu. Gudu kam na iya. Kafin gwiwa ta ci amanata, daga Gagarawa har Tasha babu mai shan gabana. Da gwiwar ta ƙi sai na hau babur ina acaɓa, da yamma kuma in tara samari a filin bayan firamare in sa su gudu. Ba wanda ya naɗa ni, ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Su samarin ne suka fara kirana Koci, sunan ya bi ni.

Cikinsu akwai ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, autanmu. Ya haura ashirin a lokacin, dogo, marar magana. Ban taɓa ganin ƙafa irin tasa ba, kuma ni ba na yabon mutum don jini. In ya ɗauki zagaye ɗaya na fili, mita ɗari huɗu, sauran sai dai su ga bayansa.

Sai aka ce ƙungiyoyin matasa na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar za su haɗa gasa a Gumel, wanda ya zo na ɗaya a kowane gudu za a kai shi Dutse, inda masu neman 'yan wasa ke zuwa su zaɓa. An sa iyakar shekaru, kuma ƙanena yana bakin iyakar. In bai tafi a wannan karon ba, babu wani karon. Shi ya sani, ni ma na sani.

Sakataren kwamitin gasar wani ɗan Gumel ne mai difloma, irin mutanen nan da ke rataya biro uku a aljihu ɗaya. A taron farko ya tashi ya ce duk takardun gasa da sanarwa da Turanci za a yi, wai don a saba da yadda ake yi a sama. Mu duka a ɗakin nan Hausa muke ji, har da shi, har da uwar da ta haife shi. Da ya gama sai ya juyo ya dube ni, ya ce, "Koci, ko a nemo maka tafinta?"

Aka yi dariya. Na ce masa, "Ka riƙe tafintanka, wataƙila ka buƙace shi ranar da za ka yi wa kakarka magana." Aka sake yin dariya, amma a hanyar komawa gida na san tambayarsa tana da gindi.

Akwai wani malamin Turanci a garinmu, mutumin Filato, Kirista, ya daɗe a nan har Hausarsa ta fara kama da tamu. Ni nake kai shi makaranta da safe. Na ce masa ya koya mini Turancin wasanni, ni kuma in riƙa ɗaukarsa kyauta har a gama gasa. Ya ce to. Ya samo jerin kalmomi a wayarsa ya kwafe su cikin littafin rubutu, muka riƙa zama a dakalin ƙofar gidansa bayan la'asar.

Ban ji daɗin zaman nan ba ko sau ɗaya. Mutum da furfura a gemu yana maimaita kalma kamar ɗan aji ɗaya, masu wucewa suna rage tafiya don su ji. Ga shi kuma Ticha mutum ne mai haƙurin da ke ba ni haushi. In na yi kuskure ba ya faɗa, sai ya yi murmushi ya ce, "Kusa ne, Koci, sake." Da ma zagina ya yi, da na fi sanin yadda zan yi da shi.

Duk da haka na koya. Athlete, ɗan wasa. Sprinter, mai gajeren gudu. Opponent, abokin karawa. Lane, layin da kowa zai bi. Disqualified, wanda aka kora daga gasa. Wannan sai da na yi kwana uku kafin harshena ya yarda da ita. Da muka zo kan amateur ya ce shi ne mai yin wasa ba don a biya shi ba. Na ce, "Ashe Bature ya san da irina, har suna ya raɗa mana."

Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne kalmomi masu fuska biyu. Ya ce draw tana nufin canjaras, tana nufin zane, tana kuma nufin jefa ƙuri'a a ga wa zai kara da wa. Na haɗiye. Washegari ya ce coach ɗin da ake kirana da shi, ana kiran doguwar motar fasinja ma da shi.

Na ce, "Ticha, wato shekara da shekaru mota ake ce mini?"

Ya ce, "A'a, Koci, wuri ne ke nuna ma'ana."

Na ce, "Yaren da ba ya iya raba mutum da mota, shi ne ake raina mu don ba mu iya ba?"

Ranar da abin ya faru na yini a rana, taya ta yi mini faci sau biyu, wani fasinja ya zage ni. Na zo dakalin a gajiye. Ticha ya ɗora yatsa a kan kalma ta gaba ya ce, "Heat."

Na ce, "Wuce. Zafi ne. Tun firamare na san ta."

Ya ce, "Haka ne, amma a wajen gudu..."

Na ce, "Malam, kada ka raina mini hankali. Ni da na yini cikinsa za ka koya wa zafi? Kalma ɗaya tak na zo da ita daga gida, ita ma sai ka ƙwace? Wallahi ka sake buɗe baki a kanta, gobe a tsakiyar hanya zan sauke ka."

Ya dube ni, ya dubi littafin, ya ce, "To, Koci." Ya wuce ta gaba. Ni da hannuna na karɓi biro na ja layi a kanta.

Gasar ta faɗo a tsakiyar bazara. Da sassafe na goya ƙanena a babur muka shiga Gumel. An liƙa jadawali a bangon fili, mutane sun yi cincirindo. Na kutsa, na bi da yatsa har na samu layin mita ɗari huɗu, na karanta da kaina ba tare da na tambayi kowa ba, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin kaina a wannan lokacin. An rubuta heats, sha ɗaya da rabi. A ƙasa an rubuta final, huɗu da rabi.

Na ce a raina, yau kam kwamiti ya yi abin hankali. Sun san daga sha ɗaya da rabi rana za ta buɗe, sun ware lokacin zafi kowa ya huta, sai yamma ta yi sanyi a yi gudu. Na ce wa ƙanena, "Taho. Ba zan bar ka ka ƙone a nan ba, waɗancan su tsaya su soyu."

A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da sakatare, takardu a hammata. Ya ce, "Koci, ina zuwa kuma?"

Na ce, da Turancin a bakina don ya ji, "Za mu kauce wa heat ɗin nan naku. Sai final."

Ya tsaya. Na ga idonsa ya je kan ƙanena ya dawo kaina. Sai ya yi murmushi ya ce, "Madalla. A huta lafiya."

Wannan murmushin har yau ina ganinsa. Ya gane. Babu yadda za a yi bai gane ba. Numfashi ɗaya ya ishe shi ya ce mini, kai, ba haka ba ne. Ya zaɓi ya ce a huta lafiya.

Na kai ƙanena zauren wani abokina a bayan kasuwa. Na saya masa fura, na jiƙa tsumma na ɗora masa a wuya, na matsa masa ƙafafu. Wajen sha biyu saura ya ɗaga kai ya ce, "Yaya, kamar lasifika nake ji ana kiran sunaye."

Na ce, "Kwanta. Na karanta takarda."

Ya kwanta. Bai taɓa yi mini musu ba tun yana ƙarami.

Ƙarfe huɗu muka koma. Na je teburin kwamiti in karɓi lambar layinsa, na tarar sunaye takwas a takarda, babu nasa. Sakatare bai ko ɗago ba, ya ce da Turanci, a hankali, yadda ake yi wa kurma magana, "Your athlete is disqualified." Kowace kalma na gane ta. Kwana uku na yi ina koyon ta ƙarshen.

Sannan ya miƙe ya koma Hausa, Hausar da ya ce ba za a yi ba, don duk wanda ke wurin ya ji. Ya ce heat shi ne gudun share fage, inda ake tace masu yawa a fitar da takwas. An kira sunan yaro sau uku a lasifika, kocinsa ya kai shi inuwa yana shan fura.

Ban taɓa roƙon mutum ba a rayuwata, ranar na roƙa. Na ce ya hukunta ni, ya hana ni shiga fili har abada, amma ya bar yaron ya yi gudu. Na ce ko a gefen layi ne, ko ba za a lissafa ba, mutanen Dutse su dai ji labarin ƙafarsa. Ya ce doka ce. Na ce, "Da safe da ka gan mu muna fita, dokar tana ina?" Ya ce, "Na tambaye ka ko kana son tafinta, ka ce in kai wa kakata."

Na cakumi wuyan rigarsa, birukan suka zube. Ƙanena ne ya ɓamɓare hannuna, ya ce, "Yaya, ya isa." Muka tsaya a bayan igiya muka kalli gudun. Wani ɗan Sule Tankarkar ya ci, wanda ƙanena ya taɓa bari a baya da taku goma a filinmu. Na goya ƙanena a babur muka koma gida. Da muka sauka ya cire takalman gudunsa ya ajiye a ƙofar ɗakina, ya shige.

Washegari na je wa Ticha da faɗa. Na ce, "Ka sani, ka yi shiru!" Ya ce, "Koci, ka ce za ka sauke ni a hanya." Na ce, "To sai me? Da ka taka da ƙafa rana ɗaya, mutuwa za ka yi? Wane irin malami ne ɗalibi zai daka masa tsawa ya rufe littafi?" Daga ranar ban sake ɗaukarsa ba. Na san wanda ya ja layi a kan kalmar, ba sai an tuna mini ba, amma har yanzu ina ganin malamin kirki da ya jure zagina ya faɗa mini.

A tasha suka koma kirana Koci Zafi. Na daina zuwa filin bayan firamare. Ƙanena ya koma Maigatari yana aikin loda shanu a mota, ya yi aure, ya yi tumbi, yanzu 'ya'yansa uku. Muna gaisawa, yana zuwa da Sallah, amma maganar gudu ba ta sake haɗa mu ba.

Bara, wata ranar Alhamis, na kai fasinja kasuwar Maigatari. Ina tsaye sai wani bijimi ya tsinke igiya ya yanki fili, mutane suna watsewa. Sai na ga mutum ya fito daga bayan mota ya bi shi, da silifas, da tumbinsa, ya wuce samarin da suka riga shi tashi ɗaya bayan ɗaya har ya taka igiyar. Tun kafin in ga fuskar na gane ƙafar. Dillalai suna ihu suna tafi, wani yana cewa wannan ai da gudu ya yi da ya ci abinci.

Ya jawo bijimin ya biyo ta gabana yana haki, gumi ya jiƙa masa riga. Ya gaishe ni da ladabi kamar kullum. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce, "Yaya, ka koma inuwa. Akwai zafi."

Ban san ko da biyu ya faɗa ba, kuma ban tambaye shi ba. Na tada babur na bar kasuwar ko fasinja ban jira ba.