Tsohon da Ke Sasanta Harsuna Biyu

A kasuwar kifi ta Kadikoy, nan Istanbul, wani tsoho mai koɗaɗɗiyar kwat yana tsaye gaban teburin Rifki mai kifi. Yana kaɗa yatsa, wai tsohon harshen Girkawa da na Turkawa nono ɗaya suka sha.

"Baba, masana sun ce aro ne kawai irin na maƙwabta," in ji Rifki. "Za ka saya, ko yau ma wa'azi ne?"

"Kai da masanan, jakuna! Harsunan nan uwarsu ɗaya!"

Wata kyanwa ta goga jikinta a ƙafar tsohon. Ya durƙusa da ƙyar, yana lallashinta da Girkanci, ba na littafi ba, irin wanda ake yi wa yaro a kan cinya.

Ina zaton ubansa Baturke ne, uwarsa kuwa tana cikin Girkawan da aka kora shekarun baya, jirgin ruwa ya kwashe su daga garin nan, ba ta dawo ba. In haka ne, Rifki ɓata bakinsa yake yi. Wane ɗa za ka kawo wa hujjar cewa iyayensa ba su dace da juna ba, ya karɓa?