Matar da Ta Sa wa Duwatsu Lamba

A tashar jirgin ƙasa ta Mianwali, buhun da Sarwar ɗan dako ya ɗauko ya fashe, duwatsu suka watse. Ga shi kuwa mai kayan ta ja masa kunne kada su cakuɗe.

Doguwa ce siririya, gyalenta duk ƙura, faratanta a farfashe kamar na mai haƙar gishiri. Daga ganin takalmanta, ta yi wata guda tana hawan tsauni.

Ba ta yi faɗa ba. Ta tsuguna tana juya su ɗaya bayan ɗaya. Ashe kowanne da lambarsa da jan fenti.

"Kwantar da hankalinka, Kawu," in ji ta. "Sau ɗaya na taɓa yarda da buhu, ban ƙara ba, shi ya sa nake sa musu lamba."

Ta jera su yadda ta saro su a jikin tsaunin, daga ƙasa zuwa sama. Har na arba'in cike suke da ɓawon halittun teku da suka zama dutse. Daga nan kuma wayam, sauran babu ɓawo ko ɗaya.

"Ka ga nan? Nan wani zamanin duniya ya ƙare, wani ya fara."

Sarwar bai gane sosai ba, amma ya san aiki in ya gan shi. Ya kwance rawaninsa, ya ɗaure mata duwatsun, ƙulli biyu: masu ɓawo daban, marasa ɓawo daban.