Binnen Baba a Tandabawi

Baba ya iso Makka bayan an gama yaƙin Turawa. Ni a lokacin na daɗe da aure a unguwar Tandabawi, har yarana sun fi sakin baki da Larabci. A ƙafa ya zo, ta Chadi da Sudan, bayan rasuwar Inna. Kayansa ba su wuce buzu da buta da wata 'yar jakar fata a wuya ba. Na ɗauka laya ce. Da ya kwance bakinta sai na ga gero, bai fi cikin tafi biyu ba.

"Ke 'yar nan, irin gonar kakanki ne," in ji shi. Ni ce 'yar farinsa, bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce duk inda damina ta riske shi a hanya sai ya tsaya ya ari fili ya shuka, ya ci, ya ware iri, sannan ya ci gaba. Shi ya sa tafiyar ta ɗauke shi shekaru. A duniya ba shi da sauran abin da ya fito daga gidanmu sai wannan.

Ɗakunanmu na gwangwani ne da aka buɗe aka daddake. A bayansu akwai ɗan fili a gindin dutse inda muke zubar da toka. Baba na gama aikin Hajji ya faɗa wa filin da aiki. Ya tsince duwatsu, ya bi gidajen maƙwabta yana roƙon kashin awaki, ya kewaye wurin da ƙaya. Matan unguwa suka sa wa wurin suna bustan, wato lambu, suna leƙowa suna dariya. Ni ma na yi dariyar, ina ganin ai ya sami abin rage kewa.

Ruwan Makka da sanyi yake zuwa, ya zubo gaba ɗaya kamar an kifar da tulu, ya kwashe kayan mutane ya wuce. Da aka yi shi a shekarar, maigidana, wanda ga-ruwa ne, ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, wallahi yanzu ne lokacin. Yamanawan da ke lambu a kwari duk sun zuba iri."

"Gero da ɗari?" Baba ya yi dariya har da tari. "Su dai su shuka albasarsu. Wannan ɓataccen ruwa ne, ya yi makuwa. Ni damina nake jira."

Na ce, "Baba, nan fa babu damina."

"Akwai ƙasar da Allah ya yi babu damina? Kin daɗe a birni, shi ke nan."

Raina ya ɓaci, amma ina zan kai shi? Mutumin da ya yi noma tun kafin a haife ni, ni mai suyar ƙosai ce zan koya masa? Na koma kan suyata.

Sanyi ya fara ja da baya, lokacin da mutanen nan suke kira rabi'i. Wanda bai zauna Makka ba ba zai yarda tana yin kore ba, amma tana yi, na ɗan lokaci. Ciyawa ta leƙo daga tsagar duwatsu. Filasko ya yi fure rawaya a bakin hanyar Kudai, tumfafiya ta yi toho, magaryar da ke kusa da masallacinmu ta sake ganye. Ɗoɗɗoyar da muke shukawa a gwangwanaye ta cika tsakar gida da ƙamshi. Mu da muka saba, mun san wannan ban kwana ne, abin da ke bayansa wuta ce. Baba kuwa ya ga 'yan garinsu. Yakan dawo daga masallaci da ganye a hannu yana murza shi.

"Kin gani? Filasko, tumfafiya, magarya. Duk na gida ne. Su ba sa ƙarya."

Da zafi ya fara tsananta muna kuka, shi murna yake yi, wai bazara ta kama. Kullum da la'asar sai ya tsaya a bakin shingensa yana duban gabas. Wata safiya ya ce zai yi binne. A gida haka manomi yake yi in ya ga alamun ruwa sun kusa: ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya rufe, ruwan fari yana sauka ya tarar da shi a kwance.

Na roƙe shi ya rage ko da rabi. Ya ce irin ya tsufa, in ya wuce bana a jaka zai mutu. Ina tsaye ina kallo yana sara rami, yana jefa ƙwaya, yana rufewa da diddige, har ya karkaɗe jakar. Ban taɓa ganinsa da ƙarfi irin na ranar ba, kuma abin ya ba ni tsoro.

Maigidana ya kwantar mini da hankali. "Ma'alesh, ba komai. In dai ƙasa a bushe take, barci zai yi. Wataƙila ya kai ruwan sanyi mai zuwa." Na riƙe wannan magana hannu biyu. Ni kaɗai ce a Makka nake addu'ar kada a yi ruwa.

Sai ga wani ɗan hadari da rana tsaka daga wajen duwatsun gabas. Yara suka fita suna ihun ruwan sama da Larabci, "Matar! Matar!" Ruwan bai daɗe ba, ya dai jiƙa ƙasa ya ɗauke. Baba ya tsaya a cikinsa hula a hannu, gemunsa na ɗiga, yana ta hamdala. Ya juyo ya dube ni.

"To, mai cewa babu damina?"

Na shiga ɗaki na zauna a kan tabarma.

Bayan 'yan kwanaki geron ya tsiro, duka, babu ramin da ya ƙi. Layi-layi, kore shar, kan kowanne da ɗigon raɓa da asuba. Matan da suka yi dariya suka dawo suna kallo. Wata tsohuwa Basakkwata da ta shekara talatin ba ta ga gero a tsaye ba ta durƙusa ta shafa shi, ta fashe da kuka. Ni ma na so shi, ba zan ɓoye ba. Na so shi ina sane da abin da zai same shi.

Sama ta washe, ba ta sake haɗa hadari ba. Ruwa kuwa a Makka a kafaɗa yake zuwa. Maigidana yakan yini a layin bazan, inda ake ɗiban ruwa, ya ɗauko garwa biyu a sanda ya hau da su gidajen mutane, da shi muke ci. Duk da haka ya riƙa kawo wa geron garwar ƙarshe da yamma, kafaɗarsa duk kanta. Muka koma yin alwala a kan shukar. Ruwan wankin shinkafa, ruwan wankan yara, babu wanda ya ƙara zuba a banza. Ƙasar tana shanyewa kafin ka miƙe tsaye.

Baba ya ce zai koma taimama ya bar wa geron ruwan alwalarsa. Maigidana ya ce, "Haram, ya Baba, ga ruwa a gabanka." Ya bari. Amma sai na lura leɓɓansa suna tsagewa. Na laɓe na ga yana juye ruwan shansa a gindin shukar. Ranar na ɗaga masa murya, karo na farko a rayuwata.

"Kashe kanka za ka yi saboda ciyawa? Ni in ce wa Allah me?"

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Cewa ya yi a hankali, "Kwana kaɗan ya rage, 'yar nan. Ruwa na biyun yana hanya."

Abin da ya zo samum ce, iskar nan mai zafi da ke busar da wanki tun yana hannunka. Muka kafa tabarmi, na cire zanen gadona na yi musu rumfa. Ganyen ya nannaɗe, ya yi fari, ya kwanta. Layin bakin dutse ne ya fara tafiya, sauran suka bi. Ina da hannu biyu da lafiyata, ga mahaifina yana ƙonewa a tsaye tare da shukarsa, kuma babu abin da zan iya. Wannan baƙin cikin har yau bai sake ni ba.

Da na ƙarshe ya bushe, shi da kansa ya tuge su, ya tara a gefen rigarsa, ya kai wa akuyar maƙwabta. Ya dawo ya wanke hannu ya ce in ba shi ruwa, ya sha da yawa.

Da Hajji ta zagayo, wasu alhazai daga wajen garinmu suka sauka a unguwar, suka zo gaishe shi. Ina zuba musu shayi, wani daga cikinsu ya tambaya, "Baba, a nan wace sana'a ake taɓawa?"

Baba ya daɗe yana duban tafin hannunsa.

"Ina zaune ne wurin 'yata," in ji shi.