Layar Dalma

Shekarar da na kawo motar nan mai gudu daga Kwatano, da ƙyar na samo mata sababbin tayoyi masu faɗi irin nata. Mai garajin bakin tasharmu ta Gaya ya juya kowace ƙafa a kan injinsa, ya manna ƴan guntayen dalma a cikin janti, wato ƙarfen taya, don nauyi ya daidaita.

Washegari ina taka wuta, sitiyari ya kama rawa a hannuna kamar mai zazzaɓi. Na juyo gida raina a ɓace, na tarar da kawuna a zaure yana murmushi.

"Ɗana, Allah ya rufa maka asiri," in ji shi. "Mutanen Kwatano sun liƙa maka layu a ƙafafun mota. Da safe na ɓamɓare su da wuƙa, na zuba a kogi."

Ba a yi wa kawu tsawa, don haka na haɗiye abin da ya zo bakina, na ce ya raka ni garaji. A gabansa aka sake manna wata dalmar.

Na miƙa masa kofin shayi cike fal, muka hau hanyar Doso. Na taka motar son raina, ko ɗigo bai taɓa rigarsa ba.

Da muka tsaya ya shanye shayin, ya goge baki.

"Gobe ka kai tawa," ya ce. "A sa mata irin layar nan."